Baro, garin da dogon Kano ya taso

Idan ka tsayar da mutum goma a Kantin Kwari ka tambaye su daga ina aka shimfiɗo dogon da ya fara kawo jirgin ƙasa Kano, da wuya ka samu wanda ba zai ce maka Ikko ba. Alhali kuwa daga wani ɗan gari ne na Nufawa da ke bakin Kogin Kwara, a ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, sunansa Baro. Daga can aka fara aikin, dogo ya bi ta Minna, ya tsallake kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya shigo Kano a 1911, tafiyar kimanin kilomita 565. Na daɗe ina son in ga wannan gari da idona. Da wani abokina mai saro bandar kifi da shinkafa a kasuwar Katcha ya ce zai gangara, sai na ce masa ya samu abokin tafiya. Lokacin rani ne, ruwa ya ja baya, shi ya sa ma ya ce zan iya kaiwa har Baro.

Daga Kano zuwa Kaduna, da Kaduna zuwa mahaɗar Dikko da ke kan hanyar Abuja, ba wani labari. A Dikko ne direbanmu ya rage gudu ya nuna mana inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a watan Janairun 2025, sama da mutum 80 suka rasu, galibinsu masu ɗibar mai. Muka yi musu addu'a muka wuce Lambata, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe Minna, ɗaya ta karya ta nufi Lapai da Agaie da Bida. Ita muka bi, kuma daga nan ne tafiya ta zama aiki.

Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san abin da nake nufi. Tireloli da tankoki ne jere, wasu sun ɗauko shanu da albasa da wake za su kudu ta Mokwa da Jebba, wasu sun ɗauko mai da siminti suna hawowa. Tun da hanyar Birnin Gwari ta zama abin tsoro, da yawan manyan motoci suka koma nan, kwalta kuwa ba a yi ta don wannan nauyi ba. Akwai wuraren da kwaltar ta narke ta yi kwari biyu daidai sawun taya, ƙaramar mota sai ta hau tudun tsakiya a karkace. Idan tirela ɗaya ta kafe ko ta kwanta, shi ke nan, sai layi ya kai inda ido ba ya gani, masu shayi da masu dafa taliya su kafa tebur a gefen titi. A yankin Agaie ne a watan Satumban 2024 wata tankar mai ta yi karo da tirelar da ta ɗauko mutane da shanu daga Wudil, aƙalla mutum 48 suka ƙone. Ina kallon wannan jerin motoci ina tuna cewa irin wannan kaya, mai nauyi kuma marar gaggawa, shi ne ainihin abin da aka yi dogo da jirgin ruwa dominsa, kuma ga su nan duka biyun a kudu da mu kaɗan, a kwance.

Mun kwana a Agaie, garin Etsu Agaie, muka yi sammako ranar Juma'a saboda ita ce ranar kasuwar Katcha. Daga Agaie zuwa Baro ta Katcha kilomita hamsin da 'yan kai ne kawai. An daɗe da bayar da kwangilar hanyar, kuma za ka ga alamar aiki: nan kwalta sumul, can jar ƙasa da aka baje aka bari, gaba kaɗan kwalbatin da aka haƙa mota na zagaye shi ta cikin gona. Gefe da gefe itatuwan kaɗanya ne da ɗorawa da mangwaro, sai fadamun shinkafa da aka girbe, shanun Fulani na kiwo a cikin karmami.

Kasuwar Katcha ta cancanci mutum ya yi mata tafiya ita kaɗai. Rabin masu cinta ta ruwa suke zuwa. Tun hantsi kwale-kwale masu inji ke ta tsayawa a gaɓa, dogaye, an shaƙe su da buhunan shinkafa da doya da kwandunan kifi, mutane zaune a kan kaya. Na tsaya kusa da wata Banufiya mai bandar tarwaɗa ina kallon yadda abokina ke ciniki da ita. Kowane kifi an naɗe shi an soke wutsiyarsa a baki da tsinke, ya yi baƙi yana ƙyalli. Ya ɗauki ɗaya ya matsa cikinsa da babban yatsa, ya kai hanci, ya ƙwanƙwasa shi a bakin kwando don ya ji ko ya bushe har ciki. Ita kuwa ba ta ce uffan ba sai da ya gama, sannan ta ce da Hausarta mai daɗin ji:

"Alhaji, wannan wutar kwana biyu ya sha. Ka kai shi Kano ka ajiye, ba abin da zai same shi."

Ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, ta kira wata 'yar'uwarta suka yi shawara da Nufanci, aka sallama. Abin da ya ja hankalina shi ne da aka gama, kafin a ƙirga kuɗi, sai da aka yi doguwar magana a kan wanda zai biya kuɗin ɗauko kwandunan zuwa inda mota take, da kuma nawa direba zai caza zuwa Agaie. A wannan yanki kuɗin hanya yana cikin farashin komai, kuma a kan mai kifi da manomi yake faɗawa, don mai saye yana cire shi tun kafin ya taya.

Wannan kasuwa ce mutanen da jirginsu ya kife a ƙarshen Nuwamban 2024 suka nufa. Sun taso daga ƙauyukan Jihar Kogi da ke tsallaken kogi, jirgin ya yi lodi fiye da kima, aka tsamo gawa sama da ashirin, wasu da dama ba a gan su ba. Galibinsu mata ne 'yan kasuwa. Na dubi jiragen da ke gabana, a cikin waɗanda suka sauka 'yan kaɗan ne ke sanye da rigar ruwa, ita ma wasu a kan kaya suka ɗora ta. Mai saurin yanke hukunci zai ce ganganci ne. To amma macen da ke ƙauyen da babu titi ko ɗaya, kasuwa kuma sau ɗaya ce a mako, idan jirgi ɗaya ne ya zo, ba za ta tsaya ƙirga kawuna ba, shiga za ta yi.

Bayan an sauko daga Juma'a na bar abokina yana ɗaurin kaya, na hau acaɓa zuwa Baro. Yaron da ya ɗauke ni ɗan garin ne, ya ce rani ne ya dawo da shi gida, amma aikinsa na gaske a Suleja yake.

"Malam, da damina ka zo da ba ka hau babur ɗina ba. Wani wurin sai mu sauka mu tura, wani wurin sai kwale-kwale. Kuɗin ma ninkawa yake."

Na ce, "To idan mace na naƙuda fa, ko wani ya kwanta rashin lafiya da dare?"

Ya ce, "Sai a nemi babur biyu, ɗaya ya ɗauke ta da mai riƙe ta, ɗaya ya haska hanya. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari sai Agaie ko Bida. Allah dai ya kiyaye."

Jefi-jefi muna haɗuwa da tsohon layin dogo, wani wuri ƙarfen na nan ciyawa ta rufe shi, wani wuri sai tudun da aka ɗora shi kawai ya rage, mutane sun mayar da shi hanyar ƙafa saboda ya fi ko'ina tsayi idan ruwa ya cika. Layin ya bi kwarin kogin Gbako ne, ta Katcha da Badeggi, ya haura Minna. Badeggin nan ita ce mai cibiyar binciken hatsi ta ƙasa, wadda irin shinkafar da ake nomawa a fadamunmu da yawa daga can ya fito.

Kana dosar Baro abin da za ka fara gani shi ne tsauni, doguwar tunga mai shimfiɗaɗɗen kai da ta tsaya a bayan gari, garin kuma ya matse tsakaninta da ruwa. Sai kogin ya bayyana. Wanda ya saba da kogin Wudil ko Challawa zai yi shiru tukuna. Ko da rani faɗinsa ya isa, tsibiran farin yashi sun fito a tsakiya, can tsallake kuma Jihar Kogi ce. Gaɓar da garin ke kai tana da tauri, ba ta zaftarewa kamar sauran gaɓar Kwara, kuma wannan ne dalilin da ya sa Turawa suka zaɓi wurin. Daga nan zuwa teku kimanin kilomita 650 ne, kuma idan ruwa ya cika jiragen ruwa masu tururi suna iya hawowa har nan. Ta haka aka kawo ƙarafan dogo da kawunan jirgi, aka sauke su a wannan gaɓa.

Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, injiniyan dogo ne tun asali, shi ya tsaya a kan aikin. Hannun da ya yi aikin kuwa na talakawa ne. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane gari-gari, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, suna sara daji suna ɗaukar ƙasa a ka, da yawansu ba da son ransu ba. Auduga Turawan suka hango, suna so ta gangaro daga Zariya da Kano ta shiga jirgin ruwa a Baro ta tafi masaƙun Ingila. Da dogo ya isa Kano sai manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga 1912 kasuwarta ta buɗe, har aka kai ga zamanin su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa. Baro ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba. An haɗa layin Ikko da wannan layi a Minna, da aka kammala gadar Jebba kuma jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye daga Kano zuwa bakin teku ba tare da sauke kaya a ruwa ba. Layin Baro ya koma reshe, ya ci gaba da ɗan aiki shekaru da dama, daga baya aka rufe shi.

A gindin wata bishiyar mangwaro kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa na tarar da dattawa suna hira. Na yi sallama, aka ba ni gefen benci, aka kawo ruwa. Ɗaya daga cikinsu, wanda gemunsa ya yi fari fat, ya ce ya ga jirgin da idonsa yana yaro.

Na ce, "Baba, yaya garin yake a lokacin?"

Ya ce, "Ɗana, ka ga nan zuwa can? Duk ma'aikatan reluwe ne. Akwai Yarbawa, akwai Inyamurai, akwai 'yan'uwanka Hausawa masu dako da masu sayar da goro. Ga kantunan kamfani, ga sito na gyaɗa. Idan jirgi ya yi kuka kowa ya san lokaci. Da ya daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya suka tattara. Mu da aka haifa a nan muka rage, mu da kifi."

Ya tashi da sandarsa ya zagaya da ni. Ginin tashar na nan da jan bulo, rufin ya tafi a wani sashe, awaki na kwana a ciki. Ya nuna mini wani guntun ƙarfen dogo da aka kafa a ƙofar wani gida ana ɗaure tunkiya, da wani da aka gitta a kan kwata. A kan tsaunin ma akwai kufan gidajen Turawa, sun hau can ne don iska da gudun sauro, kuma daga sama kana ganin garin gaba ɗaya: rufin kwano 'yan ɗaruruwa, masallacin Juma'a, makaranta, hayaƙin banda na tashi daga bayan gidaje, sai kuma wani ƙaton fili mai shinge da farin siminti a bakin ruwa wanda bai yi kama da komai na garin ba. Tashar jiragen ruwa ke nan.

Daga saman tsaunin ne na fara tambayar kaina mutum nawa ne a wannan gari. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Agaie gaba ɗayanta mutum 132,907, Jihar Neja kuma kusan miliyan 4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a makon waccan ƙidaya yanzu ya isa aure, ya isa ya tafi Suleja acaɓa. Kuma lissafin ƙaramar hukuma ba ya gaya maka komai game da gari ɗaya.

Wata ma'aikaciyar lafiya da na tarar tana rufe ɗakin shan magani ce ta ba ni amsar da ta fi gamsar da ni. Ta ja ni zuwa ƙofar wani gida ta nuna mini rubutun alli a jikin bango, irin wanda masu rigakafin shan inna ke yi.

Ta ce, "Malam, ka ga wannan? Shi ne ƙidayarmu. Mun san gida nawa muka shiga, mun san yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar muka ɗiga wa. Amma ka zo bayan wata uku lissafin ya canza."

Ta yi mini bayani. Da rani garin cika yake. Sarkawa masunta na gangarowa daga wajen Yawuri su kafa bukkoki a kan tsibiran yashi da iyalansu, Fulani na sauko da shanu fadama, masu sayen kifi da shinkafa na shigowa. Da ruwa ya fara cika duk su watse. Samarin garin kuma akasin haka suke: wasu na dawowa noman damina su koma birni bayan girbi, wasu kamar yaron da ya ɗauko ni sai hanya ta bushe suke iya zuwa. Yarinyar da ta gama firamare ana so ta ci gaba, sau da yawa sai a kai ta wurin dangi a Agaie ko Bida ko Minna. Malamin da aka turo daga birni yakan yi 'yan watanni ya fara neman canji, ba don mutanen ba su karɓe shi ba, sai don idan ya tafi ganin iyalinsa dawowa wahala ce. Ta ce ko maganin da ake kawo musu da allurar da ke buƙatar sanyi, ranar da hanya ta yanke sai dai a jira.

Abin da na fahimta shi ne yawan mutanen Baro yana bin hanya ne sau da ƙafa. Dogo ya zo, gari ya cika da baƙi. Dogo ya tafi, suka tafi. Yanzu kuma rani da damina ne ke buɗe ƙofa su rufe. Duk wanda zai tsara makaranta ko asibiti ko rumfar zaɓe a nan da alƙaluman 2006, da mutanen da ba su nan yake lissafi, ya kuma bar waɗanda suke nan.

Da la'asar na shiga kwale-kwalen wani masunci ya zaga da ni ta gaban tashar jiragen ruwan. Tarihinta ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kogin Kwara a Lokoja, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe tashar, wadda ta ci kusan naira biliyan 6. Daga cikin ruwa kana ganin komai: dakalin da jirgi zai jingina mai tsawon mita 150, ƙugiyar ɗaga kaya, babban sito, fili na ajiye kwantena. Aiki ne mai kyau, ba na raini ba. Sai dai babu jirgi a jingine, babu kwantena a filin. Masuncin ya dafa sandar tuƙinsa ya caka ta a ruwa, ba nisa da inda muke, ya nuna mini inda ta jiƙe, bai kai ƙirjin mutum ba.

Ya ce, "Yallaɓai, yashi ba ya jin an yashe shi. Kowace shekara ruwa na kawo sabo. Inda muka bi bara, bana tudu ne."

Gaskiyarsa. Kogi irin wannan ba a yashe shi sau ɗaya a tafi, aiki ne na kullum. Ga kuma madatsun Kainji da Jebba da Shiroro a sama, waɗanda idan suka riƙe ruwa ya ragu, idan suka saki ya haɗu da na sama ya shanye gonaki, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ko da jirgin ya iso ya sauke kwantena, ta ina za ta fita? Dogo a rufe, titin Agaie bai kammala ba, wanda ya kai Agaie kuma ya faɗa cikin layin tirelolin Lambata. Kamar mutum ne ya gina rumbu a tsakiyar fadama bai bar hanyar da jaki zai bi ba.

Ni ina ganin an fara daga inda ya kamata a ƙare. Ba na cikin masu cewa tashar ɓarnar kuɗi ce, domin idan ta tashi Arewa gaba ɗaya za ta amfana, kayan da ke kwana a hanyar Ikko zai samu wata ƙofa, kuma rayukan da ake asara a ƙarƙashin tankoki za su ragu. Amma kilomita hamsin ɗin nan na titi su ne gaba da komai. Su ne za su kai mai naƙuda Agaie cikin awa guda, su rage wa mai kifi kuɗin mota, su sa malami ya zauna, kuma su ne dai za su sa tashar ta yi aiki. Bayan su sai jiragen fasinja masu ƙwari da ke tashi a kan lokaci ranar kasuwa, da wanda zai tsaya a gaɓa ya hana lodin da ya wuce kima, ya tabbatar kowa ya sa rigar ruwa. Alkawarin farfaɗo da dogon Minna zuwa Baro an sha yin sa, mutanen garin ma idan ka ɗauko zancen sai su ce Allah ya sa, su koma maganar titi.

Ba masauki na haya da na gani a garin, a ɗakin baƙi na wani gida aka sauke ni, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi ɗanye, aka ƙi karɓar ko sisi. Washegari na bi wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan shinkafa zuwa Agaie, mu takwas a baya a kan kaya, da wata tsohuwa da za a kai asibitin Bida an shimfiɗa mata tabarma a tsakiya. Duk inda motar za ta faɗa rami sai ɗanta ya buga rufin gaba da hannu, direba ya rage gudu. Wanda ke son zuwa ya zo tsakanin Disamba da Maris, ya daidaita tafiyarsa da Juma'ar Katcha, domin ranar ce ake samun abin hawa a sauƙaƙe, kuma kada ya yarda dare ya same shi tsakanin Lambata da Agaie.